Zaki Ya Koma Karya: Nazarin Lamarin Karen Gadi Mai Ɗan Maraina Ɗaya

Da hantsi aka kawo shi a bayan a-kori-kura, maigadin gonar na riƙe da bakin sarƙa nesa-nesa kamar wanda aka ba ajiyar garwashi. Kare ne irin na Jamus ɗin nan da ake kira Alseshan, shekararsa takwas, aikinsa gadin wata gonar kaji a bayan gari. Zaki ma'aikatan gonar ke ce masa, kuma sun tabbatar min a zamaninsa ya ci sunan. Amma wanda aka sauko min da shi ran nan babu zakinci a tare da shi ko na anini. Gashin kwiɓinsa biyu ya zube, na mara da na bayan cinyoyi ya tafi, fatar wurin ta yi baƙi ta yi sulɓi kamar tsohuwar salka. Kai da ƙafafu kuwa gashinsu na nan lafiya lau.

Ƙorafin da aka zo da shi wai ƙazuwa ce ta ƙi jin magani. Wata bakwai ana fama. An yi masa allurar aibamektin ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, an yi masa wanka da maganin kaska, da abin ya ishi yaran gona sai suka laɓta masa baƙin man inji, ɗanyen aikin nan da ya ƙi ƙarewa a garuruwanmu, wanda ba abin da yake yi sai ƙona fata.

Na tambayi maigadin, wani dattijo mai furfura wanda shi ke ba karen abinci tun yana kwikwiyo.

"Baba, yana susa?"

"Wallahi Likita, ko kaɗan. Ni ma abin da ya ɗaure min kai ke nan. Kare mai ƙazuwa ai ba ya barin mutum ya runtsa, kwana yake yana kartar jiki. Wannan kuwa sai kwanciya."

"To ban da gashin, me kuma ka ga ya canza?"

Ya yi shiru, ya dubi direba, direba ya kau da kai yana murmushi.

"Likita, abin da kunyar faɗa. Sauran karnukan maza bin sa suke kamar sun ga karya. Kuma ya daina ɗaga ƙafa in zai yi fitsari, tsugunawa yake. Yara har sun sa masa waƙa, wai Zaki ya koma karya. Wasu kuma na cewa asiri aka yi masa don a samu hanyar shiga gonar."

Da na ci gaba da tono, sai ga sauran: sau biyu karyar gonar ta shiga lokacin barbara bai ko kalle ta ba, alhali a da sai an ɗaure shi. Mako biyu da suka wuce ya yi haɓo, kuma ana ganin ɗigon jini a inda ya kwanta.

Muka sa masa takunkumi muka kwantar da shi, na duba inda babu wanda ya taɓa dubawa a cikin wata bakwai ɗin nan. Ban ga laifin kowa ba. A wurinmu kare na gadi ne da farauta da kiwo, ana ba shi abinci ana yi masa magani, amma ba kasafai ake samun mai shafa shi ba, balle mai kifar da shi ya leƙa ƙarƙashinsa. To amsar kuwa a can take. Nonuwansa sun kumbura sun yi tsayi kamar na karyar da ta yaye 'ya'ya. Kuben gabansa ya saki yana reto, da wani jan layi siriri da ya miƙe a kansa zuwa wajen jakar maraina. A cikin jakar ɗa ɗaya ne kawai, na hagu, bai wuce girman dabino ba kuma ya yi laushi tiɓis, a karen da ya kamata nasa ya yi tauri ya kusa ƙwan kaza. Da na matsa cikinsa ta dama, can baya kusa da mara, hannuna ya ci karo da wani dunƙule mai tauri kamar ɗanyen mangwaro. Dasashinsa ya ɗashe, da 'yan ɗige-ɗigen jini kamar an tsattsaga da allura.

Na kira mai gonar a waya.

"Alhaji, barka da rana. Karen nan naka, tun yaushe ɗan marainansa ɗaya ne?"

"Au, wannan? Ai tun da na saye shi haka yake, Likita. Mai sayarwar ya ce min zai sauko da kansa. Kuma bai hana shi komai ba, 'ya'yansa sun fi a ƙirga."

Zai sauko. Shekara takwas ke nan.

Abin da ke tsakanin kai da jaka

Duk wanda ya taɓa kiwo ya san rabin wannan ilimi tun kafin ya ji kalmar homon, wato sinadarin da wata gaɓa ke zubawa a jini ya kai saƙo ga wata. Bunsuru ga wari, ga faɗa, ga bin awaki. A fiɗiye shi ya zama taure, warin ya tafi, ya kwanta ya yi ƙiba. Abin da makiyayi bai gani da ido ba shi ne hanyar da maraina ke bi su juya jiki gaba ɗaya. Wani Bajamushe mai suna Arnold Berthold ne ya nuna ta a 1849 a birnin Göttingen. Ya fiɗiye zakaru, ya mayar wa wasunsu da ɗan maraina a cikin ciki, inda babu jijiyar da ta haɗa shi da mazauninsa na asali. Waɗanda aka mayar wa suka yi zanko, suka yi cara, suka ci gaba da bin kaji. Ke nan saƙon ta jini yake tafiya.

Amma maraina ba su ke da gari ba, talakawa ne masu bin umarni. Sarautar tana ƙasan ƙwaƙwalwa, a wani ɗan wuri da ake kira haifotalamos. Shi ke sakin homon ɗin GnRH, ɗan ƙaramin sinadari mai gaɓoɓi 10 kacal, wanda gano fasalinsa na cikin aikin da ya sa Andrew Schally da Roger Guillemin suka sami kyautar Nobel a 1977. GnRH ba ya nisa. Ta wasu 'yan siraran hanyoyin jini yake gangarawa zuwa fitutari, wani ɗan ƙulli da ke rataye a ƙasan ƙwaƙwalwa, a matsayin hakimi. Hakimin nan sai ya tashi 'yan aike biyu cikin jini, LH da FSH, kowanne da gidan da aka aike shi.

LH gidan ƙwayoyin Leydig yake zuwa, waɗanda ke zaune a tsakankanin bututun da ake ƙera maniyyi, kuma sunan Franz Leydig suka ci, wanda ya bayyana su a 1850. Aikinsu yin testosteron. Shi ne mai ɗaga ƙafa wajen fitsari, mai tsallake katanga in an jiyo ƙanshin karya, mai kaurin wuya da faɗin ƙirji. FSH kuma gidan ƙwayoyin Sertoli yake sauka, waɗanda Enrico Sertoli ɗan Italiya ya gano a 1865. Su a cikin bututun suke, kuma in ana neman sunan da ya dace da su a Hausa, masu reno ne: su ke goya ƙwayoyin maniyyi tun suna ɗanye, su ciyar da su, su kare su, har su nuna. Renon nan ba na kwana biyu ba ne. A kare yakan ɗauki kimanin kwana 62, sannan a ƙara wajen mako biyu a cikin murɗaɗɗen bututun da ke manne da ɗan marainan, inda maniyyin ke koyon iyo. Shi ya sa in zazzaɓi mai zafi ya kama kare yau, sai bayan wata biyu a ga ɓarnar a barbararsa, lokacin kowa ya manta da zazzaɓin.

Abu biyu ne a tsarin nan suka fi muhimmanci ga lamarin Zaki. Na farko, umarnin sarki ba zuba yake kamar famfo ba, bugu-bugu yake zuwa kamar kiɗan kalangu, a buga a tsaya, sau da dama a yini. Kowane bugu sai LH ya tashi, cikin kamar awa ɗaya testosteron ya biyo baya, sannan duka su sauka. Don haka in aka ɗibi jinin lafiyayyen kare sau ɗaya aka ga testosteron a ƙasa, ba a ce komai ba tukuna, mai yiwuwa an zo ne tsakanin bugu da bugu. Kuma tsayawar nan ita ce sirrin. Ernst Knobil da abokan aikinsa sun nuna a 1978, a kan birai, cewa in aka riƙa zuba GnRH ba ƙaƙƙautawa, fitutari daina ji yake yi gaba ɗaya, kamar mazaunin bakin injin niƙa da ƙarar ta daina shiga kunnensa.

Na biyu, talakawa na mayar da rahoto. In testosteron ya yi yawa a jini, sarki da hakimi sukan sassauta. Wani kaso na testosteron ɗin ma jiki na juya shi ya zama istirojin, homon ɗin da aka fi sani da na mata, wanda kowane namiji yana da ɗan kaɗan nasa, kuma shi ya fi kowa iya rufe bakin ƙwaƙwalwa. Masu reno su ma suna da nasu rahoton, inhibin, wanda ke rage FSH kaɗai. Da haka ma'aunin ke tsayawa daidai shekara da shekaru. Kare namiji, saɓanin kakansa kyarkeci da marainansa ke girma su ƙanƙance da juyawar yanayi, a shirye yake rani da damina tun daga balagarsa, wadda kan zo tsakanin wata 6 zuwa shekara ɗaya.

Wanda bai sauko ba

A cikin ciki ake halittar 'ya'yan maraina, kusa da ƙoda. Daga nan suke gangarowa, kuma gangarowar ma aikin homon ce: wani da ake kira INSL3, da testosteron, duka daga ƙwayoyin Leydig. A kare sai bayan haihuwa tafiyar ke kammala, yawanci kafin kwikwiyo ya cika mako shida zuwa takwas sun isa jaka. Ƙofar da suke bi ta matsematsi takan tsuke wajen wata 6. Wanda bai fito ba zuwa lokacin, kusan a ce ya zauna ke nan. Na dama ya fi maƙalewa, don shi ya fi nisan tafiya. Kuma abin gado ne, uba na ba 'ya'yansa.

Jakar maraina ba ado ba ce, randa ce. Zafin jikin kare yana tsakanin digiri 38 zuwa 39, maniyyi kuwa sai an rage masa 'yan digiri kafin ya yiwu. Wanda ya zauna a ciki ba ya yin maniyyi, amma yana ci gaba da yin homon, shi ya sa ba a ganin wata alama shekara da shekaru. Ɗan'uwansa da ke jaka ya ishi kare ya yi ta haihuwa, kamar yadda Alhaji ya faɗa, kuma gaskiyarsa. Sai dai haɗarin fitar ƙari a maƙalallen ya ninka na lafiyayye wajen sau 9 zuwa 13 bisa ƙididdigar da aka yi a asibitocin dabbobi, kuma ƙarin da ya fi son wurin shi ne na ƙwayoyin Sertoli.

Masu renon nan in suka zama ƙari, sukan bar aikinsu su koma zuba istirojin da inhibin cikin jini, ba da umarnin kowa ba. A nan lamarin Zaki ya warware min kamar zare. Ƙwaƙwalwa ba ta san daga ina rahoton ke zuwa ba, ita dai ta ga istirojin ya cika jini, sai ta ɗauka maraina sun wuce gona da iri, ta yi shiru. GnRH ya ragu, LH da FSH suka ɗauke. Ɗan marainan hagu, wanda bai ci ba bai sha ba, aka daina aiko masa da saƙo, ya zauna ba aiki har ya motse. Shi ne dabinon da na taɓa. A ganina duk cikin alamomin babu mai faɗar gaskiya kamarsa, domin ciwon fata ba ya motsar da maraina.

Sauran duk rassa ne. Istirojin na tsayar da tushen gashi a hutu, tsoho ya zube sabo bai fito ba, dama da hagu daidai wa daida, ba ƙaiƙayi. Shi ya kumbura nonuwa ya saki kube. Shi ya canza warin jikinsa har mazan suka ruɗe. Rashin testosteron kuma ya kashe sha'awa ya sauke ƙafar fitsari. Har furostet, ƙullin nan da ya zagaye wuyan mafitsara, bai tsira ba. A tsohon karen da ba a fiɗiye ba dama takan girma saboda DHT, wani homon mai ƙarfi da jiki ke yi daga testosteron, har mafi yawansu na da wannan kumburi in sun haura shekara biyar zuwa shida. Amma istirojin wata ɓarnar daban yake mata: yakan sauya shimfiɗar cikinta, ruwa ya taru, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama.

Duk waɗannan da sauƙi. Abin da ya hana ni sukuni shi ne dasashin. Kare na cikin dabbobin da istirojin mai yawa ke kashe musu ɓargo, wurin da ake yin jini. Ƙwayoyin da ke daskarar da jini su ke fara faɗuwa, sai haɓo da ɗige-ɗige. Fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta kan tashi da farko su yaudari mai dubawa, daga baya su rushe. Jajayen su bi a hankali. In ukun suka faɗi tare, da yawa daga karnukan ba sa tashi, ko an cire ƙarin.

Gwaji

Ban yarda na rufe ido a kan abu ɗaya ba, don a ƙasarmu kare mai haɓo da ɗasasshen dasashi, abin da ya fi yawa shi ne ciwon kaska. Jar kaskar kare na ɗauke da Ehrlichia, mai karya ƙwayoyin daskarar da jini, da Babesia mai fasa jajaye, kuma mun ciro kaska a kunnuwan Zaki. Jini daga kube kuma yakan zama ƙarin nan da karnuka ke ɗauka wajen barbara, wanda ya yi yawa a karnukan da ke yawo sakaka. Na zare kuben na duba, babu shi. Muka kankare fata a wurare da dama muka sa a madubin likita, babu ƙwaron ƙazuwa ko ɗaya, har da irin wanda ba ya sa susa sosai. A jinin da muka shafa a gilashi ba mu ga Babesia ba.

Ƙidayar jini ta nuna abin da nake tsoro, amma ba ta kai maƙura ba. Kaurin jini, wanda a lafiyayyen kare yake tsakanin kashi 37 zuwa 55 cikin 100, ya sauka ƙasa sosai. Ƙwayoyin daskarwa, da ya kamata su kai 200,000 zuwa 500,000 a kowace maikurolita, wato ɗan mitsitsin ɗigon jini, ba su ko kusa ba. Fararen suna gab da ƙasan iyaka. Ɓargon ya jigata, amma da sauran numfashi.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne mafi arha. Auduga aka sa aka shafo cikin kube, aka shafa a gilashi, aka rina. A namiji lafiyayye ƙwayoyin wurin ƙanana ne masu kewaye. Na Zaki faffaɗa ne masu kusurwa, irin waɗanda ake gani a karyar da ke tsakiyar lokacin barbara. Jikin da kansa ya ba da shaidar istirojin. Awon homon ɗin a jini yana da tsada, sai an aika nesa, kuma yakan fito daidai a wasu karnukan da alamominsu suka bayyana ƙarara, domin abin da ke aiki shi ne rinjayen istirojin a kan testosteron, ba adadinsa shi kaɗai ba. Akwai kuma AMH, wani homon na ƙwayoyin Sertoli da ke hawa sosai in akwai irin wannan ƙari. Ban ga dalilin kashe kuɗin Alhaji a kansu ba, tunda sikanin da muka yi wa cikinsa ya nuna dunƙulen a fili a bayan ƙodar dama, ga furostet ta girma da 'yan aljihunan ruwa, kuma kaluluwar da ke ƙarƙashin ƙashin baya ba ta kumbura ba. Wannan ya kwantar min da hankali, don nan irin ƙarin ke fara yaɗuwa in zai yaɗu, kodayake bai cika yi ba, ƙasa da kashi 15 cikin 100 ne.

Zaman shawara

Da la'asar Alhaji ya zo da ɗansa, saurayi ɗan jami'a, waya a hannu. Na yi musu bayani, na ce tiyata za a yi a cire duka biyun.

"Duka biyu, Likita? A cire mai ciwon dai, a bar masa ɗayan. Ko a yi masa allurar ƙarfin nan ta maza, ya dawo yadda yake."

"Ranka ya daɗe, allurar ita za ta ƙarasa shi."

Wannan kuskure ne da ya zama ruwan dare, ba a karnuka kaɗai ba. Testosteron ɗin da renon maniyyi ke buƙata shi ne wanda ake yi a cikin marainan, inda yawansa ya ninka na jini sau gommai. In aka zuba na kwalba a jini, ƙwaƙwalwa za ta ga ya wadata ta ƙara yin shiru, LH ya ɗauke, na cikin gida ya ƙafe. Kare zai yi ta hawa, amma ba 'ya'ya. Batun barin na hagu kuwa, ban ɓoye masa ba: zai iya farfaɗowa bayan 'yan watanni in an cire ƙarin. Sai dai kare ne mai shekara takwas da furostet mai ciwo, wadda ba abin da ke saukar da ita kamar fiɗiya, kuma duk ɗan da zai haifa yana iya ɗaukar gadon maƙalewar.

Ɗan ya ce, "Likita, na ga akwai wani abu da ake sa wa a ƙarƙashin fata, ba sai an yanka ba."

Ya yi karatunsa daidai, wurin amfanin ne ya kuskure. Suprelorin yake nufi, ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa mai ɗauke da desilorelin, wanda aka fara ƙirƙira a Ostireliya, Tarayyar Turai ta amince da shi a 2007. Kwaikwayon GnRH ne mai zuba ba tsayawa, wato injin niƙan nan na Knobil. Da farko testosteron kan ɗan tashi, sannan fitutari ya kurumce, kare ya zama kamar fiɗiyayye na aƙalla wata 6 da mai miligiram 4.7, ko shekara ɗaya da mai 9.4, daga baya ya dawo. Dabara ce mai kyau ga lafiyayyen kare. Amma ta hanyar rufe bakin hakimi take aiki, na Zaki kuwa dama a rufe yake, kuma ƙari ba ya jin maganar hakimi.

Tambayar Alhaji ta ƙarshe ita ce wadda ya zo da ita tun farko: "To zai ci gaba da gadi?" Na ce masa fiɗiya yawon bin karya da yawan fitsarin alama take ragewa, ba ta cika taɓa haushin kare a kan baƙon da ya shigo gidansa ba. Kuma wata bakwai ke nan gonar ba ta da mai gadi a jikin Zaki.

Tiyata da bayanta

Ba mu yanka a ranar ba. Buɗe cikin karen da jininsa ba ya daskarewa ganganci ne. Aka kawo wani ƙaton kare lafiyayye daga gonar muka ɗebi jini muka ƙara masa da ɗuminsa, don sabon jini ne ke ɗauke da ƙwayoyin daskarwa masu rai. Ƙarin jini na farko a kare bai cika kawo rikici ba, na biyu ne ba a yi sai an gwada dacewa. Muka fara masa maganin kashe ƙwayoyin cuta saboda fararen ƙwayoyinsa da furostet, na kuma haɗa da dokisisaikilin na kwana 28, don ban iya wanke kaska daga zargi ba, kuma babu abin da ya hana kare ɗaukar ciwo biyu.

Washegari muka shiga. Ƙarin na rataye da igiyarsa, jijiyoyin jini sun yi kauri sun nannaɗe shi, har igiyar ta fara murɗewa. Da ta ƙarasa murɗewa a gona cikin dare, da labarin ya ƙare ba a san dalili ba, kuma da masu zancen asiri sun ci gari. Muka ɗaure kowace jijiya sau biyu, muka cire, muka cire na hagu. Da na tsaga ƙarin, fari ne mai tauri, rabe-rabe da zaruruwa. Na Leydig yakan zama ruwan ɗorawa mai laushi, na ƙwayoyin maniyyi kuma fari-fari mai taushi da ke bultsowa. Sakamakon ɗakin gwaji da ya dawo bayan mako uku ya tabbatar na Sertoli ne.

Makon farko shi ne na fargaba, kullum sai na ɗaga leɓensa na duba. A mako na uku ƙwayoyin daskarwa suka fara hawa. Kafin mako shida nonuwa sun koma, mazan sun daina bin sa, kuma ɗigon jinin ya tsaya. Gashi ya fi komai nawa: sai a wata na uku wani laushi-laushi ya fara rufe baƙar fatar, jini kuma bai cika daidai ba sai wajen wata na biyar. A cikin kansa yanzu kiɗan ya dawo, har ya fi na da ƙarfi, don a fiɗiyayyen kare LH da FSH hawa suke yi su zauna a sama, ana ta aike babu mai amsawa. Na ce wa Baba ya rage masa tuwo, in ba haka ba taure za a samu a bakin ƙofa.

Ranar da aka kawo shi dubawa ta ƙarshe, ya sauko daga motar da kansa, ya nufi tayar baya ya ɗaga ƙafa. Baba ya ce, "Likita, ka gani ko?" Ɗabi'ar da aka koya tun ƙuruciya ba ta buƙatar maraina kafin ta dawo, istirojin ɗin ne ya danne ta.

Na roƙi Alhaji ya tuno mutanen da ya ba ko ya sayar wa 'ya'yan Zaki maza, ya ce musu a duba. Ya tuno shida. Huɗu suka ce lafiya, ɗaya karen ya mutu tuni. Na shidan ya zo da nasa wata Asabar, ɗan shekara biyu, kyakkyawa, gashi na sheƙi, yana ta jan sarƙa. Muka sa takunkumi na duba. Ɗaya ne a jaka, na hagu.

"Ai an ce min zai sauko, Likita."

Na buɗe littafi na sa masa ranar Talata.